Famfon banɗaki da hitar ruwa a gidajen Zariya

Famfon banɗaki da hita su ne zangon ƙarshe na hanyar da ruwa ke bi a cikin gida: daga rijiya, burtsatse ko bututun hukuma zuwa tanki, daga tanki zuwa hannun mai alwala ko mai wanka. Kalmar famfo aro ce daga Turanci, inda asalinta ke nufin injin tura ruwa, amma a bakin Bahaushe ta faɗaɗa ta haɗa kan famfon da ake murɗawa, da bututun da ke kawo ruwan, da sana'ar kanta, wato aikin famfo. Ita ma hita abu biyu ake kira da ita: ƙarfen da ake tsomawa a bokiti, da tukunyar lantarki da ake kafewa a bango.

Yawancin kayan famfon da ake sayarwa a shagunan Sabon Gari an ƙera su ne don ƙasashen da ruwa ke zuwa dare da rana da ƙarfinsa, wuta kuma ba ta yankewa. Gidan Zariya da tanki yake rayuwa, ruwansa kan zo da yashi, wutarsa kan zo ta tafi. Mafi yawan lalacewar famfo da hita a garin daga wannan saɓani take tasowa.

Inda ruwan yake fitowa

Ruwan da hukumar ruwa ta Jihar Kaduna ke tacewa don Zariya daga kogin Galma yake, kuma an gina wa garin matatar da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da madatsarta a kan kogin Kubanni. Duk da haka gidaje da dama a birni, Tudun Wada, Gyallesu, Hanwa da sababbin unguwannin bayan gari sun dogara ne ga rijiya, burtsatse da 'yan garuwa, wasu kuma suna haɗa biyu. Ƙarƙashin ƙasar Zariya dutse ne irin wanda ya fito fili a Kufena, ruwan ƙasa kuwa yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Shi ya sa burtsatsen wani gida ke ambaliya, na maƙwabcinsa kuma yana ja baya da zarar an shiga bazara. Rijiyar da ta ja baya laka da yashi take turowa, kuma duk abin da ya shiga tanki sai ya sauko kan famfo.

Tsayin tanki da ƙarfin ruwa

A gidan da ke amfani da tankin sama, ƙarfin ruwa daga tsayi kaɗai yake zuwa. Girman tanki ba ya ƙara shi. Tankin lita 500 da na lita 2,000, in saman ruwansu yana tsayi ɗaya, ƙarfi ɗaya za su bayar a bakin famfo. Ƙa'idar ita ce kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da kusan bar 1, ma'aunin da ake rubutawa a kwalin kaya. Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwan tanki da inda ruwan zai fita. In saman ruwan yana mita 6 daga ƙasa, kan shawa kuma yana mita 2, mita 4 ce ta rage, wato bar 0.4. A gidan bene lamarin ya fi muni ga na sama: tanki yana bisa rufi, shawa tana ƙasa da shi da mita biyu ko uku kawai, sai a ga ruwan yana tsiyaya, alhali famfon tsakar gida yana feshi.

Yawancin famfunan zamani masu hannu ɗaya da manyan kawunan shawa masu faɗi kamar faranti an yi su ne don bar 1 zuwa 3. Mai gida kan sayi irinsu da tsada, a ɗaura, ruwa ya ƙi fita yadda ya gani a otal, sai laifi ya koma kan mai aikin famfo. Mafita uku ce: a ɗaga tanki, a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi a bututun da ya sauko, ko a sayi kan shawa da famfo masu buɗaɗɗiyar hanya waɗanda aka yi don raunin ruwa. Ta ukun ta fi sauƙi, ta fi arha, ba ta kuma jiran wuta, amma ita aka fi rainawa.

Kaurin bututu ma yana da tasiri. Daidai shi ne a sauko daga tanki da bututun inci ɗaya, a rarraba da na kashi uku cikin huɗu na inci, sai dab da famfo a rage zuwa rabin inci. Wanda ya ja rabin inci tun daga tanki don ya rage kuɗi, ya kuma cika layin da kwana-kwana, ya zubar da ɗan ƙarfin da yake da shi tun a hanya. Kada a manta da nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 tan guda ne zaune a kan ƙarfe ko kankare.

Bututu

Tsofaffin gidajen gwamnati da na ma'aikatan jirgin ƙasa da bututun ƙarfe aka yi musu aiki. Yana da ƙarfi, amma tsatsa na cinsa daga ciki har hanyar ta tsuke, kuma alamarsa jan ruwa da safe. Daga baya roba ta PVC ta maye gurbinsa, wadda ake haɗawa da gam. Tana da kyau ga ruwan sanyi da magudana, sai dai ba ta jure zafin da ya wuce digiri 60, rana kuma tana busar da ita har ta riƙa fashewa kamar ƙwarya. Layin ruwan zafi na bututun PPR ne, wanda galibi kore ne ko fari, ana haɗa shi da na'ura mai narka bakinsa a zafin kusan digiri 260. In an narka fiye da kima robar kan taru a ciki ta toshe rabin hanya, kuma ba mai gani sai bayan an shafe bango an manna tayil. Saboda haka ba a rufe bututu a bango sai an cika layin da ruwa an bar shi ya kwana, an zagaya kowace mahaɗa da busasshen hannu.

A cikin birni, inda har yanzu akwai ginin ƙasa, yoyon da ba a gani yana iya cin gindin katanga. A irin wannan gida bututun da aka bi da shi ta bayan bango, a fili, ya fi wanda aka binne aminci ko da bai kai shi kyan gani ba.

Ire-iren kan famfo

Mafi tsufa shi ne mai murɗi, wanda ake juyawa sau da yawa kafin ya rufe. Kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham a Ingila ne ya fito da shi a 1845, kuma tsarinsa bai sauya ba: sanda mai zare, wato tsagin da ake murɗawa irin na noti, tana danna 'yar roba, wato wosha, a kan bakin ramin da ruwa ke fitowa. In ya fara ɗiga, kusan kullum woshar ce ta cinye. A rufe ruwa daga tanki, a buɗe famfon ya tsiyaye, a cire hannun, a kwance kan da sifana, a sa sabuwar wosha mai girman tsohuwar. Matse famfo da ƙarfin tsiya don ya daina ɗiga yana ƙara cinye robar ne, har ya kai ga ƙwarzane mazaunin. Ga ruwa mai yashi wannan tsohon famfo ya fi haƙuri, gyaransa kuma ba ya wuce kuɗin wosha.

Na biyu shi ne mai kwata, wanda juyi kaɗan ke buɗe shi gaba ɗaya. A cikinsa akwai faifai biyu na tangaran masu santsi ƙwarai, ɗaya yana zamewa a kan ɗaya. A ruwa mai tsabta yana shekaru bai ɗiga ba, amma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakani ta karce su, ba gyara sai sauya cikin dungurungum. Na uku shi ne mai gauraya zafi da sanyi da hannu ɗaya, wanda Ba'amurke Al Moen ya yi tunaninsa a 1937 bayan ruwan zafi ya ƙona masa hannu, aka fara sayar da shi a 1947. A al'adar aikin famfo zafi yana hagu, sanyi yana dama. Mai gauraya yana son ɓangarorin biyu su zo da ƙarfi ɗaya. In sanyi daga injin ko bututun hukuma yake zuwa kai tsaye, zafi kuma daga tanki, mai ƙarfin zai danne mai raunin, wanka ya koma ko ƙuna ko sanyi ƙalau.

Wajen saye, hannu ya fi ido gaskiya. Famfon tagulla yana da nauyi. Mai arha da aka zuba da haɗin zinki aka shafe da ƙyalli ba shi da nauyi, kuma yakan karye a wuyan zarensa, guntun ya maƙale cikin bango. Zaren da ake amfani da shi a Najeriya na Ingila ne, mafi yawa rabin inci. Ana naɗa masa farin tef ta ɓangaren da za a murɗa, don kada ya warware yayin ɗaurawa.

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a yini, kimanin jarka guda ta ɗan garuwa. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya (mudun Annabi, ba na kasuwa ba) ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Famfon da aka bari yana ɗiga ya zubar da ruwan alwalar mutanen gida na kwanaki.

Wani abu da zanen banɗakin Turawa ba ya tunawa da shi shi ne buta da bokiti. Banɗakin Bahaushe yana buƙatar famfo na ƙasa, mai tsayin da bokiti zai shiga ƙarƙashinsa, a inda mutum zai iya tsugunawa ko ya zauna ya wanke ƙafa ba tare da ruwan ƙasa ya fantsamo masa ba. Tsoho bai kamata ya ɗaga ƙafa zuwa kwanon wanke hannu a kan tayil mai santsi ba.

Ƙananan cututtuka

In famfo ɗaya ya yi rauni sauran suna lafiya, a fara duba 'yar ragar da ke bakinsa. Ana kwance ta da hannu, a wanke yashin, in kuma farin dutse ya kama ta a jiƙa ta cikin ruwan lemun tsami ko ruwan khal. Haka ake yi wa ramukan shawa. In tanki ya ƙare aka sake cika shi amma famfo yana tari yana tofar da iska, iska ce ta maƙale a bututu. Buɗe dukkan famfunan gida a lokaci guda, tun daga na ƙasa, yakan kore ta. Wari daga magudanar banɗakin da ba a shiga, kamar na ɗakin baƙi, yawanci ruwan da ke zama a lanƙwasar bututu ne ya bushe, abin da hunturu ke gaggautawa. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofar da ke tare iskar masai, kuma buta ɗaya ta isa ta mayar da shi. Tanki kuma a rufe shi ruf saboda ƙurar hunturu da ƙadangaru, a wanke shi lokaci-lokaci, a sa bututun fita ɗan sama da gindinsa don laka ta kwanta a ƙasa.

Ruwan zafi

A Zariya darare da asubahin Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan da ya kwana a tanki yakan gagari mai wankan asuba. Tun kafin lantarki ruwan zafi yana da gurbi a rayuwar gida: tukunya ko garwa a kan murhu, musamman don wankan jego na kwana arba'in. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi rubutu a shekarun 1970 a kan ciwon zuciya da ke kama masu jego a yankin, inda suka danganta shi da tsananin zafin wankan, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da yawan kunun kanwa. Hitar bango ba ta sauya wannan gargaɗi ba. Ruwan mai jego ɗumi yake so.

Hitar zamani ta faro ne da gas. Benjamin Waddy Maughan ya ƙera ta farko a Landan a 1868, sannan Edwin Ruud, injiniya ɗan Norway da ke zaune a Pittsburgh ta Amurka, ya fito da mai tanki da ke kunna kanta a 1889.

Wadda aka fi gani a bangon banɗaki ita ce mai tanki, daga lita 10 ko 15 zuwa 30, 50, 80 da 100. A cikinta akwai elemen mai dafa ruwa, da ma'aunin zafi da ke yanke wuta in an kai inda aka saita, da sandar magneziyam wadda tsatsa ke ci a madadin jikin tankin. Ruwan sanyi yana shiga ta bakin mai shuɗin zobe ya zauna a ƙasa, mai zafi yana taruwa a sama ya fita ta mai jan zobe. Sanyin da ke shiga ne ke turo zafin waje, don haka in tankin sama ya ƙare hita ba za ta ba da ruwa ba ko da cike take.

Lissafin wutarta mai sauƙi ne. Ɗaga zafin lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin kusan wat 1.16 na awa guda. Lita 15 daga digiri 20 zuwa 60 za ta ci kusan yunit 0.7 a mita, kuma elemen mai wat 1,500 zai gama cikin rabin awa. Lita 50 za ta ci yunit 2.3, ta ɗauki awa ɗaya da rabi. Wannan in wuta ta cika bolt 230 ke nan. In ta sauka zuwa 180, elemen ɗin wat 900 da 'yan kai kawai zai bayar, lokacin kuma ya ƙaru da fiye da rabi. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar ta, batirin inbata kuma nan da nan take zuƙe shi. Amfanin mai tanki a garin da wuta ke zuwa ta tafi shi ne tana riƙe zafi sa'o'i: an kawo wuta cikin dare, an yi wanka da asuba.

Hita mai dafawa nan take ba ta da tanki, kuma ƙanƙantarta kan ruɗi mai saye. Tana jan wat 3,500 zuwa sama. Mai wat 5,500 tana jan kusan amfiya 24 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), abin da ke buƙatar wayarta ta kanta mai kauri tun daga allon rarraba wuta. Mai wat 3,500 lita biyu da rabi kacal take iya ɗagawa da digiri 20 a minti ɗaya. Ba ta kunnuwa in ruwa ya yi rauni, ba ta aiki in babu wuta a daidai lokacin wankan. Ga yawancin gidajen Zariya ba ita ce zaɓin farko ba.

Ta hasken rana ta dace da garin, tunda rana ba ta yi wa Zariya rowa ba. Ruwan da ya yi zafi a cikin bututanta yana hawa tanki da kansa ba tare da inji ba. Sai dai ƙurar hunturu tana lulluɓe gilashin a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, don haka sai an riƙa gogewa. Mai aiki da gas kuwa ba a sa ta cikin rufaffen banɗaki, domin tana iya fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai kisa, irin wadda gawayi ke fitarwa a ɗakin da aka toshe.

Abin da ke ƙona hita, da abin da ke kashe mutum

Babban ajalin elemen shi ne a kunna shi babu ruwa. Cikin ɗan lokaci yake ƙonewa. Sabuwar hita, ko wadda aka zubar wa ruwa, ba a ba ta wuta sai an buɗe famfon zafi ruwa ya fito sosai ba tari. A bakin shigar sanyi akwai ɗan bawul mai aiki biyu. Yana hana ruwan hita komawa baya in tankin sama ya ƙare, yana kuma sakin ruwa in matsi ya yi yawa. Ruwa yana kumbura da kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari tsakanin digiri 20 da 60, saboda haka ɗan ɗigo daga wannan bawul yayin dafuwa alamar lafiya ce. Wasu kan ɗauke shi yoyo su toshe shi, ko su cire bawul ɗin su jefar. Wannan ganganci ne da rai: in ma'aunin zafi ya lalace elemen ya ci gaba da dafawa, tankin da ba shi da mafita yana iya fashewa ya rushe bango. Abin yi shi ne a sa masa 'yar tiyo zuwa magudana.

Saitin da ya dace shi ne wajen digiri 60. Ƙasa da haka, musamman tsakanin 20 da 45, ƙwayar cutar Lejiyonela tana yaɗuwa a ruwan da ya zauna; ita ce ta haddasa ɓarkewar ciwon huhu a birnin Philadelphia a 1976, ana kuma shaƙarta ne a feshin shawa. Amma ruwa mai digiri 60 yana ƙona fatar babba cikin daƙiƙu kaɗan, ta yaro kuwa ya fi sauri. Don haka ana fara zuba sanyi a bokiti kafin zafi, a gwada da hannu kafin a sa yaro ko tsoho.

Ta ɓangaren wuta, hita tana son layinta ita kaɗai, da makunni mai yanke wayoyi biyu a wajen banɗaki, da wayar ƙasa ta gaske wadda ta kai ga sandar da aka binne, da na'urar da ke yanke wuta in ta ji zurarar miliamfiya 30. In famfo ko shawa ya fara ɗan jan hannu, ko da kaɗan ne, wuta ta sami hanya zuwa ruwa. A kashe hitar, kada kowa ya shiga wanka sai mai aikin wuta ya duba. A gidan da ba a tabbatar da wayar ƙasarsa ba, a kashe hita kafin a buɗe ruwa. Hitar bokiti, wadda ta cika ɗakunan ɗalibai da gidajen haya, ta fi kowacce haɗari: ba a sa hannu a ruwan tana jone, ba a ciro ta sai an zare ta daga soket, ba a barin ta ta jingina da jikin bokitin roba, ba a kuma fita a bar ta da niyyar za a dawo kafin a kawo wuta.

Hitar lita 50 in ta cika ta haura kilo 60. Bangon bulo mai rami yana buƙatar dogayen kusoshi masu buɗewa a ciki, bangon ƙasa kuwa ba ya ɗaukar ta sam, sai an yi mata ƙafa ta ƙarfe. A bar wuri a ƙasanta da hannu da sifana za su shiga, domin duk shekara ɗaya ko biyu ana kashe wuta, a zubar da ruwan, a ciro elemen a kankare farin dutsen da ya kama shi, a duba sandar magneziyam. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar damina, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin sanyi ya sauka masu aikin famfo su yi wuyar samu.